Injin da ya so gyara wa kakata Hausa

Kalmar farko da injina ya ƙago da kansa ita ce "sfiga". Babu ita a Hausar Kano, babu ita a ta Adar, kuma duk wanda ya gwada furta ta sai ya fesa wa na kusa da shi yawu. Ta fito a allon kwamfutata wani dare cikin watan Satumba, ina zaune a zauren gidanmu a Bambeye, saura kwana 9 in miƙa aikin ga mutumin da na yi wa alkawari.

Bari in koma baya kaɗan. Ina karatun kimiyyar harshe a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. A shekarata ta biyu wani malaminmu ya nuna mana, cikin ƴan mintoci, cewa ana iya rubuta dokokin ginin kalma ta yadda kwamfuta za ta bi su. Ƴan ajinmu suka ji, suka wuce. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, har na shiga bin wani abokina ɗan unguwarmu da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ina damun sa da tambaya ta waya dare da rana. Shi ya koya mini harshen Python, shi ya fara gaya mini abin da ake kira kwamfaila.

Kwamfaila tafinta ne. Kai za ka rubuta umarni cikin harshen da mutum ke iya karantawa, shi kuma ya juya shi zuwa abin da inji ke iya aiwatarwa. Grace Hopper ta Amurka ta yi ɗaya daga cikin na farko a 1952, sannan John Backus da abokan aikinsa suka fitar da na FORTRAN a 1957. Abin da ya faranta mini rai shi ne mu ma masu nazarin harshe muna da gado a gidan. A 1956 Noam Chomsky ya jera nahawu hawa-hawa gwargwadon ƙarfinsa, kuma hanyar da Backus da Peter Naur suka bi suka bayyana harshen ALGOL 60 ta dace da ɗaya daga cikin hawan nan. Daga baya abin ya dawo gida: a 1983 Kimmo Koskenniemi, ɗan Finlan, ya nuna yadda inji zai warware ginin kalma, kuma a 2009 Mans Hulden ya gabatar da wani kwamfaila mai suna foma, wanda ake ba shi dokokin sauti da jerin kalmomi ya harhaɗa su su zama inji guda. Kyauta ake samun sa, ba shi da nauyi. Da shi na yi aiki.

Alkawarin kuwa ga yadda ya samo asali. A watan Maris na 2025 sabon kundin mulkin ƙasarmu ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Da na zo gida ƴan makonni bayan haka, na je gaida mushenmu na firamare, wanda ya koya mini baƙi da wasali. Yanzu aji mai harshe biyu yake riƙe da shi, yana da tsohuwar kwamfuta da yake buga wa yara darasi. Bayan mun gaisa ya ce, "To ɗana, kun ji an ce Hausa ta zama ta ƙasa. Madalla. Amma wa ya iya rubuta ta?" Ya jawo takardun da wasu abokan aikinsa suka rubuta ya nuna mini. Ga "koudi" a madadin kuɗi, ga "tchiniki" a madadin ciniki, ga "karfi" babu ƙugiya. Ba laifinsu ba ne, da Faransanci aka horar da hannunsu. Ƙa'idar rubutu tana nan, tun 1999 ma'aikatar ilimi ta tsayar da ita, har da ƴ mai ƙugiya da muke rubutawa inda ƴan Najeriya ke sa waƙafin sama. Amma ƙa'idar da ke kwance cikin ofis a Yamai ba ta gyara takardar da ake bugawa a ƙauye da dare.

Ni da bakina na ce masa, "Mushe, kafin a koma lakwal a Oktoba zan kawo muku abin da zai riƙa nuna kuskure da kansa." Ya dube ni ya ce, "Allah shi ba da iko." Na san irin wannan addu'ar. Ita ake yi wa wanda ya ce zai gina soro bana.

Abin da na gina kashi biyu ne. Na farko ɗan ƙaramin kwamfaila nawa na kaina, da Python, wanda ke karanta fayil biyu da kowa zai iya gyarawa: jerin kalmomi, da jerin dokoki. Na biyu shi ne foma, wanda ke karɓar abin da nawa ya shirya ya ƙulla shi ya zama inji. Dokokin iri biyu ne. Akwai masu warkar da hannun Faransanci: "ou" ya koma "u", "tch" ya koma "c", "dj" ya koma "j". Akwai kuma masu mayar da maganarmu ta Adar zuwa Hausar littafi: "hwa" ya koma "fa", "hi" ya koma "fi", "munka" da "sunka" da "anka" su koma "muka" da "suka" da "aka". A lokacin ban ga wani bambanci tsakanin iri biyun ba. Duka gyara ne a wurina.

Daren "sfiga" na gwada injin ne da wani labari na kakata da na taɓa ɗauka a waya don aikin darasin karin harshe, na rubuta shi yadda ta faɗe shi. Duk inda ta ce "shiga" injin ya ce "sfiga", duk inda ta ce "shi" ya ce "sfi". Matsalar ita ce foma, in ya gama harhaɗa dokoki, ba ka ƙara ganin su ɗaya-ɗaya. Kamar fura ce bayan an dama, ba ka ware gero daga nono. Kalma ta shiga lafiya, ta fito da rauni, kuma dokoki 31 ne a ciki, ban san wadda ta sare ta ba.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Tawa wurin abokina. Na tarar da shi a fada, ana dafa shayi na biyu. Ya duba ya yi dariya har ya kusan kifar da buta, sannan ya ce, "Kai dibaga kaka bukata."

Dibaga wata manhaja ce da ke ba ka damar tsayar da shirinka yana cikin gudu, ka taka shi layi-layi, ka leƙa abin da ke hannunsa a kowane mataki. Sunan daga kwaro ya fito, don masu wannan sana'a kwaro suke kiran kuskure. Suna ma da labarin da suke so: a 1947 an tsinci wata fara-fara ta maƙale cikin injin Mark II a Jami'ar Harvard, aka manna ta cikin littafin aiki. Dibaga ke nan mai tsince kwari, kamar yadda ake tsince wake kafin a zuba a tukunya.

Sai gardama ta tashi a kan wanne zan ɗauka. Wani ɗan ajinsu ya ce GDB, wanda Richard Stallman ya rubuta a 1986, shi ne na manya. Abokina ya ce a'a, GDB zai kai ka ne cikin hanjin foma kansa, wanda da harshen C aka rubuta shi, alhali mutane sun shekara fiye da 15 suna aiki da foma. In ka ga kuskure a abin da ka rubuta jiya, fara tuhumar kanka. Wani ya ce in sauko da VS Code, mai maɓallai da launuka, in riƙa danna linzami kawai. Mun gwada a kwamfutata. Ta ɗauki zafi, fanka ta shiga kuka, batirin da dama bai cika awa guda ba ya fara zuba kamar tulu mai huji. A Bambeye kuwa a shagon mai cajin waya nake caji, ina biya, kuma in hadari ya rufe rana pano ba ya ba da komai. Na uku shi ne abin da nake yi tun farko ban san yana da daraja ba: cusa layin da zai buga mini abin da ke faruwa a ko'ina cikin shirin. Yana aiki, amma kamar zuba toka ne a tsakar gida don ganin sawun ɓarawo, bayan an gama sai ka yi shara, kuma kullum akwai lungun da ka manta.

Na ɗauki pdb. Dalilina uku ne, babu na burgewa a cikinsu. Tare da Python yake zuwa, ba sai na sayi intanet ba. Baƙin allo ne da rubutu kawai, ba ya shan batir. Kuma umarninsa harafi ɗaya-ɗaya ne: n ka taka layi na gaba, s ka shiga cikin aikin da aka kira, p ka ga abin da ke cikin wani ma'aji, c ka sake shi ya ci gaba da gudu. Cikin rabin awa na haddace. Abokina ya ba ni dabarar da ta fi dibagan kansa amfani: kada in bar foma ya dama dokokin wuri guda lokacin bincike, in sa ya harhaɗa kowace doka ita kaɗai, in bi da kalmar ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, in tsaya bayan kowace in duba.

Haka muka yi. "Shiga" ta wuce doka ta 1 lafiya, ta 2 lafiya, har ta 11. A ta 12 ta fito "sfiga". Dokar da na rubuta don "tahi" ya zama "tafi", "kihi" ya zama "kifi", ita ce. Na danna p in ga yadda kwamfailana ya yanka kalmar, sai ga ta: s daban, h daban, i, g, a. Kunya ta kama ni. Ni da ke karatun harshe, na manta abin da mushe ya koya mana a ajin farko, cewa sh harafi guda ne, haka ma ts. Injin bai yi kuskure ba, ya ga h a gaban i ya yi abin da na ce. Layi 4 na ƙara, "sfiga" ta mutu.

Da na koma gida na ci gaba da tsince. Dokar nan ta 12 ta mayar da "hikima" "fikima", "hisabi" "fisabi", don ba ta san kalmomin aro daga Larabci da h ɗinsu suka zo ba. Wata dokar, wadda ke mayar da "zamna" "zauna" da "ƙamna" "ƙauna", ta kama gwamnati ta mayar da ita "gwaunati". Na buɗe jerin kalmomin da doka ba ta taɓawa. Kowane kwaro na kashe, sai in rubuta kalmar da amsarta ta daidai cikin jerin gwaji, don in na gyara wani abu gobe in san ko na tayar da na jiya.

A nan ne, ina taka dokokin ɗaya-ɗaya, na fara ganin abin da ban gani ba lokacin da suke dame. Dokar "zamna" ba ni na ƙago ta ba. A aji mun karanta ta da sunan August Klingenheben, Bajamushen da ya bayyana ta tun kafin 1930: a Hausar gabas, baƙin leɓe in ya zo ƙarshen gaɓa yakan narke ya koma u. Sabka ya zama sauka, abduga ta zama auduga, amre ya zama aure. Mu a yamma ba mu narkar ba. Haka "biyat" ta girmi "biyar", haka "ɗiya" ita ce uwar "ƴa". Bernard Caron ya rubuta littafi sukutum a kan Hausar Adar a 1991, na taɓa juya shafukansa a laburare ina jin daɗin ganin maganar gidanmu cikin littafin Bature. Duk na san wannan, na ma ci jarrabawa a kansa. Amma sai da na ga kalmar kakata tana shiga doka tana fitowa da wata kama, na gane abin da injina ke yi: yana ɗaukar tsohuwar siffa yana sa mata jan layi, yana kiran ta kuskure, daidai da yadda yake yi wa "koudi".

Da maraice na same ta tana tsinkar zogale. Ta ce, "Angona, mi kaka yi da wanga akwati dare da rana? Ko amarya ta a ciki?" Na ce gyaran Hausa yake yi, bari in karanta mata labarinta bayan ya gyara. Ita ta ce: "Da munka yi amre, bai zamna ba ko wata biyat, yat tahi Abija." Labarin kakana ne, da tafiyarsa bida, irin wadda har yau samarin Adar ke yi bayan girbi. Na karanta mata na injin: "Da muka yi aure, bai zauna ba ko wata biyar, ya tafi Abijan."

Ta dakata da tsinka. Ta ce, "Wa yah hwaɗi hakanga?"

Na ce ke.

Ta ce, "A'a. Ni dai ba hakanga nic ce ba. Wagga ta rediyo ta. Ita mijinta bai tahi ko'ina ba."

Ta koma kan zogalenta, ni kuma na koma zaure. Wannan karon babu layin da zan tsaya a kai in danna p. Kowace doka ta yi aikinta daidai, jerin gwaji duka ya wuce. Dibaga yana nuna maka inda shirinka ya saɓa wa nufinka, amma nufin naka ne, ba ya duba shi.

Saura kwana 4. Na kira abokina na ce zan ɗaga fitarwar, sai na sake tunani a kan komai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya ce da babu gara ba daɗi, kuma duk mai jiran shirinsa ya kammalu kafin ya fitar, jikokinsa za su gaji fayil ɗin. Ya ce abin da masu wannan aiki ke yi shi ne su tsayar da rana, daga ranar ba a ƙara sabon abu sai gyaran abin da ya karye, a sa lamba, a rubuta abin da aka san bai yi ba, a saki. Na roƙi canji guda kafin a rufe ƙofa. Ya ce guda ɗaya tak.

Canjin shi ne na raba dokokin gida biyu. Abin da ya saɓa wa ƙa'idar rubutu, irin "koudi" da "tchiniki" da "karfi", ja. Abin da yake sahihiyar Hausar Adar, shuɗi, da siffar littafi a gefensa, kuma injin ba ya canza shi sai mai rubutu ya ce a canza. Kwana biyu ya ci mini, don sai da na bi dokokin nan 31 ina tambayar kowace: ke kuskure kike gyarawa ko kari kike juyawa?

Ranar jajibiri muka gwada a wata kwamfutar da ba tawa ba, mai Windows, kamar ta mushe. Allah ya sa mun gwada. Duk inda ƙ take sai ga Æ™. A tsarin UTF-8 harafin ƙ gida biyu yake ci, ita kuwa waccan kwamfutar ta karanta kowane gida a matsayin harafi mai zaman kansa. A tawa ban taɓa gani ba. Gyaran bai wuce gaya wa Python tsarin da zai buɗe fayil da shi ba, amma da ban gwada ba, da abin da mushe zai fara gani ke nan.

Na sa masa lamba 0.1. Na rubuta takarda shafi guda ta abin da bai iya ba, kuma ita ta fi yi mini wuyar rubutawa. Bai iya bambance kasa da ƙasa ba, ko kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, don duka kalmomi ne, sai mai karanta jimla ya san wadda ake nufi. Bai san karin sauti ba, bai san tsawon wasali ba. Jerin kalmominsa gajere ne, zai ja wa sunayen garuruwa da yawa jan layi. Hausar Adar da ya sani ta gidanmu ce kawai, ban yi alkawarin ta Keita ko ta Illela ba.

Na kai wa mushe a kile ranar da na ce. Ya sa tabarau, ya buga "koudi", ya ga ja, ya gyaɗa kai. Ya buga "munka tahi", ya ga shuɗi. Ya daɗe yana kallo. Na yi masa bayanin Klingenheben da ɗiya da biyat, ina sauri kamar mai kare kansa gaban alƙali. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ɗana, duk na ji. Ni ma haka uwata ke magana. Amma mai gyaran jarrabawa bai san shuɗi ba. Yaron da na bari ya rubuta munka, ranar jarrabawa shi za a rage wa maki, ba ni ba, ba kai ba."

Ban da amsa, don gaskiya ya faɗa. Garin neman gira ba na so yaran ƙauyenmu su rasa ido. Abin da kawai na iya cewa shi ne yaron da aka gaya wa "wannan ta gida ce, ga ta littafi" zai koyi ta littafin, kuma ba zai koma gida yana jin kakarsa ba ta iya magana ba. Ya ce, "Wataƙila." Sannan ya tambaye ni ko ana iya kashe shuɗin a mayar da komai ja in jarrabawa ta matso. Na ce ba a iya ba tukuna. Ya ce, "To rubuta shi cikin takardar taka ta abin da bai iya ba."

Na rubuta. Shi ne na farko a jerin aikin 0.2, kuma har yanzu da nake Yamai ban taɓa shi ba, kullum sai in tsallake shi in gyara wani abu. Makon jiya mushe ya aiko mini da saƙon murya: kalmomi 17 da injin ya ja wa jan layi alhali daidai suke, da sunan Bambeye kansa a cikinsu. A ƙarshe ya ce wata yarinya a ajinsa ta tambaye shi me ya sa "zamna" ke fitowa da shuɗi, ya gaya mata, ta ce to ita za ta riƙa rubuta duka biyun. Bai ce ya yarda da ni ba. Ya ce in gaida malamaina, in kuma hanzarta da maɓallin nan kafin watan Yuni.